Baba Na-Baya, Baƙon da Ya Fi Kowa Fitina

Tun kafin maigadi ya buɗe babbar ƙofa shi ya riga ya iso, domin yana da mabuɗin ƙaramar. Zai shiga ɗakin kaya ya sauko da igiyoyin hawa, ya bi kowace da yatsunsa daga wannan baki zuwa wancan, yana laluben inda ta fara cinyewa. Ya ƙwanƙwasa hulunan kwano ya ji ko akwai mai tsaga, ya buɗe akwatin magani ya ga abin da ya ƙare, ya cika gorunan ruwa. Duk yana yi ne shiru, da natsuwa irin ta dattijon arziki. Idan ya gama sai ya sha shayinsa, ya goge baki, ya sunkuya ya jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur. To daga nan an rabu da dattijon arziki ke nan sai gobe da safe.

Cikin akwatin akwai wata kwat mai kauri da ko lokacin sanyi sai an yi shawara kafin a sa ta. Akwai takalmi mai santsi irin na zuwa ofis, da tabarau mai ido ɗaya, da laima wadda ba ta buɗuwa, da fankar tebur da wayarta a nannaɗe. Yakan tsaya ya ƙare musu kallo, yana tunanin wane ne shi yau. Wata rana attajiri ne da bai taɓa taka ƙasa mai ƙura ba. Wata rana matsoraci ne da ke ganin maciji a kowace saiwar itace. Wata rana kuma masani ne da ya fi jagora sanin hanya, alhali yau ya fara ganin wurin.

Ga wanda bai sani ba, makaranta ce 'yar ƙarama a gindin duwatsu, inda ake koya wa matasa aikin jagora. Su ne masu shiga gaban baƙin da ke zuwa yawon buɗe ido, su hau da su dutse, su ratsa da su daji, su ƙetare da su rafi, su kuma dawo da su gida da ƙafafunsu. Akwai malamin ɗaurin igiya, akwai mai koyar da taswira da duba hadari, akwai ma'aikaciyar jinya mai koyar da ɗaurin karaya. Shi kuwa wannan bawan Allah aikinsa ɗaya ne, shi ne baƙon. Shekara ashirin da ɗoriya yana fita da ɗalibai a matsayin baƙon da ya fi kowa fitina, yana tafe a ƙarshen layi yana mita. Shi ya sa ba a san shi da wani suna ba sai Baba Na-Baya. Ko matarsa, in ya ɓata mata rai, da shi take kiransa.

Na taɓa tambayarsa, ba da ladabi sosai ba, ko wannan ma aiki ne da za a ce magidanci ya tashi da sassafe dominsa.

Ya ce, "'Yata, dutse bai taɓa ba jagora wahala ba. Inda kika bar shi jiya, nan za ki same shi yau. Amma mutum fa? Ki waiwaya ki ga ya bi tsuntsu da wayarsa har bakin rami, wai zai ɗauki hoto. To gara su fara haɗuwa da shi a wurina."

Wata tsohuwar ɗalibarsa, wadda yanzu ita ke jagorantar baƙi a wani daji mai nisa, ta ba ni labarin ranarta ta farko. Ya fito da fankar nan a rungume. Ta ce masa cikin ladabi, "Baba, ai babu wuta a kan dutse." Ya dube ta ta idon tabarau ɗin da babu gilashi, ya ce bai zo nan don a lissafa masa abubuwan da babu ba. Haka ta ɗauki fankar har sama. Da suka isa ya zauna a kan dutse ya ce zafi yake ji, ta juya masa ita da hannu. Ta ce ranar ta yi kuka a banɗaki, ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba. Bayan shekaru wani baƙo na gaske ya zo zai shiga daji da akwati mai taya da takalmin biki, sauran ma'aikata duk suka ruɗe, ita kuwa ta ji kamar ta ga ɗan'uwa. Ta lallashe shi ya sauya takalmi ba tare da ya ji an raina shi ba, ya koma gida yana yabon wurin.

Direban makarantar ma yana da nasa. Ya ce akwai wani ɗalibi ƙato, wanda ba ya tsoron komai a duniya. Suna ƙetare wani rafi da ruwansa bai wuce idon sawu ba, sai Baba ya kwanta a ciki, ya fara ihu yana cewa ruwa ya tafi da shi, yana ban-kwana da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har da wasiyyar wanda zai gaji rediyonsa. Ƙaton nan ya manta duk abin da aka koya masa, ya yi tsalle ya faɗa ruwan da ciki kamar zai yi iyo, ya kurje haɓa. Baba ya tashi zaune a cikin ruwan ya ce, "To yanzu mu biyu ne a kwance. Wa zai cece mu?" Direba ya ce wannan ƙaton ne daga baya ruwa na gaske ya tare shi da baƙi a wani kwari, bai ko ɗaga murya ba, ya ɗaura igiya ya ƙetarar da su duka.

Wadda ta fi shan wahalar aikin nan kuwa ba ɗaliba ba ce, matarsa ce, domin a gida yake gwaji. Ta ce ta ga suma iri-iri: ta tsaye, ta zaune, da wadda ake fara jujjuya ido kafin a faɗi. Rannan zazzaɓi ya kayar da shi a tsakar gida, ta fito da kwanuka za ta wanke, ta tsallake shi ta ce, "Wannan ba ta kai ta jiya ba." Sai da maƙwabciya ta shigo aron tsintsiya ta taɓa goshinsa, sannan aka nemi mota.

Baba, kai ne wanda ya yarda a tsane shi da safe don wani ya koma gida lafiya bayan shekara goma. Kai ne malamin da ba ya tsayawa gaban allo, ba ya shiga hoton yaye ɗalibai sai a gefe, kuma ba a tuna shi sai ranar da baƙo ya zauna a tsakiyar hanya ya ce shi kam ba zai ƙara taku ɗaya ba. Na-baya mai ganin kowa, ba a ganinka. Ni dai ba na cikin ɗalibanka, kuma Allah ya kiyaye ni, amma akwai abin da na gani da idona, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ina da ƙane, autanmu, da ake kira Walƙiya tun yana ƙarami, saboda in aka aike shi kafin a gama faɗar saƙon ya kai bakin titi. Shi ne ya shiga makarantar nan, ba da son Innarmu ba. Mahaifinmu ya rasu ya bar shagon kayan gini, ita kuma burinta autanta ya zauna a ciki ya riƙa auna ƙusa. A wurinta hawan dutse aikin awaki ne. Shi kuwa in ya yini a shagon nan sai ya dawo kamar wanda aka yi wa rasuwa.

A makarantar sau ɗaya ake jarrabawar ƙarshe a shekara. Ɗalibi zai ɗauki baƙi, Baba yana cikinsu, ya hau da su babban dutsen har inda aka kafa tuta, ya sauko da su. Walƙiya ya fi kowa iya igiya, ya fi kowa sanin hanya, kuma sau biyu yana faɗuwa. A karo na farko ya isa wurin tuta shi kaɗai yana murna, baƙinsa suna can ƙasa suna tambayar juna ko an ga jagora. A karo na biyu ya yi ƙoƙari, ya kai su ya dawo da su har ƙofar makaranta yana washe baki, sai shugabar makarantar ta ce masa, "Sannu da aiki. Ina Baba?" Ashe tun da hantsi Baba ya laɓe bayan wani dutse ya shimfiɗa kwat ɗinsa ya yi barci, yana jiran ya ga ko za a neme shi.

Baba ya ce, "Yaron nan ƙafa gare shi, wuya ne ba shi da shi. Ba ya waiwaye." Sai ya roƙi a ba shi shi. Shekara guda Walƙiya yana tafe a bayan Baba Na-Baya, wato bayan na baya, yana riƙe masa laima. Ya rame don haushi, amma bai gudu ba.

Da jarrabawa ta uku ta matso, Innarmu ta kira mu ɗakinta ta yanke magana. Ta ce masa, "Wannan karon in ba ka shigo mini da takardar shaida a hannunka ba, washegari ka buɗe shago, kuma an gama maganar dutse a gidan nan. Ko faɗuwa ka yi, ko soke jarrabawar aka yi, ko dutsen ne ya tashi ya gudu, ba ruwana." Ya ce ya yarda. Duk wanda ya san Innarmu ya san ba ta maimaita magana, kuma ba ta janye ta.

Makarantar kan nemi mutanen da za su zama baƙi ranar jarrabawa, sai ya roƙe ni. Ni da ko benen ofishinmu sai na huta a tsakiya. Amma ƙane ƙane ne. Muka zama mu huɗu: ni, da direban makaranta, da mai dafa wa ɗalibai abinci, da Baba, wanda ya fito cikin kwat ɗin nan da takalmi mai santsi, fanka a hammata, laima a hannu. Shugaba ta riga ta hau ta wata hanya, tana can wurin tuta da madubin hangen nesa. Ta yi gargaɗi cewa hadari na haɗuwa, da zarar ya matso za ta cire tuta ta sauko.

Ban taɓa jin mutum ya yi mita irin ta ranar ba. Tun daga ƙofa ya ce hanyar ta yi tudu da yawa, a nemo wata. Ya tambayi Walƙiya wa ya zuba duwatsun nan a nan, kuma me ya sa ba a share su ba tunda an san baƙi za su zo. Ya ga ƙadangare ya ce kada ne, sai da aka ba shi ruwa. Ya ce zai kama ruwa, aka jira shi, ya dawo ya ce wurin bai yi masa ba. Walƙiya yana ta haɗiye fushi yana cewa, "Sannu Baba, a hankali Baba," jijiyar wuyansa kuwa kamar ta tsinke. Ni kaina, da nake numfashi da kyar, na fara tunanin laifi nawa ne a tura dattijo.

Haka muka yi ta ja har muka hango tuta, kusa sosai, har ana ganin launin mayafin Shugaba. Hadari ya yi baƙi ta gabas. Walƙiya ya ɗan ƙara sauri, mu ma muka bi, kowa ya sa ido a sama. Ni dai na ji wani daɗi ya sauko mini ban san dalili ba, kamar an kashe injin niƙa a maƙwabta. Sai kawai na ga Walƙiya ya tsaya cak, ya juyo.

Baba yana zaune can baya a kan wani dutse, ƙafa ɗaya a miƙe, fanka a gefe. Ba ihu, ba wasiyya. Yana dai kallon ƙasa.

Direba ya yi dariya ya ce, "An fara. Kai Walƙiya, kar ka biye masa, ga tuta can. Ka je ka taɓa ka dawo, mu muna nan tare da shi."

Mai dafa abinci ta riƙe ƙugu ta ƙare masa kallo irin na wadda ta ga wasan sau ɗari. Ta ce, "Kai, Baba ya tsufa. Dubi fa, ko ɗan nishi babu. Bara a daidai nan ya yi wata faɗuwa har da birgima, sai da na yi hawaye."

Direba ya ce, "Wallahi kuwa. Wannan ko ni zan iya."

Suka tsaya a kansa suna ba shi maki. Ni ma na ja hannun ƙanena na ce, "Kai, hadari fa. Ka tuna shago."

Bai ko dube ni ba. Ya sauka wurin Baba ya durƙusa, ya naɗe ƙafar wandon a hankali. Ni ban san komai game da gwiwa ba, amma na san ba haka Allah ya halicce ta ba. Takalmin nan mai santsi da ya yi shekaru yana wasa da shi, ranar ya yi masa na gaske, ya zame da shi ya faɗi. Walƙiya ya ce da mu, "Shekara guda ina bayansa. Bai taɓa yin shiru ba sai yau."

Ya ɗauki rediyon oba-oba ya gaya wa Shugaba baƙo ɗaya ya ji ciwo. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kai ne jagora." Ya ɗaga kai ya dubi tutar nan. Na ga idonsa, kuma ba zan ɓoye ba, tausayinsa ya kama ni. Sannan ya ce, "Za mu sauka. Duka."

Ya sa laimar da ba ta buɗuwa a gefen ƙafar ya ɗaure da bandeji, karo na farko da laimar nan ta yi wa wani amfani. Ya yi majanyi da igiya ya goya Baba. Ya sa direba a gaba, mai dafa abinci a tsakiya, ya ce ni in tsaya kusa da shi inda zai riƙa ganina. Fanka kuwa, tunda dokar makaranta ta hana barin komai a kan dutse, ni aka miƙa wa. Haka na sauko daga dutsen nan rungume da fankar tebur, yayyafi na dukana, ina tambayar kaina wane laifi na yi wa Innarmu da ta haifa mini ƙane.

Muna rabin hanya sai Baba ya tambayi Walƙiya, a hankali, me Innarmu ta ce game da jarrabawar bana. Ya gaya masa. Can sai Baba ya ɓarke da ihu. Ya kira sunayen 'ya'yansa, ya raba gadon rediyo, ya ce goyon bai yi masa daɗi ba a sauya masa jagora mai laushin baya. Direba ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Yauwa! Ai na gaya muku wasa ne." Mai dafa abinci ta ce yanzu ne ya dawo Baban da ta sani. Ni da nake kusa ina ganin yadda ya damƙe kafaɗar ƙanena, da gumin da ba na zafi ba.

A harabar makaranta aka zaunar da shi a kan benci. Shugaba ta iso a jiƙe, tuta a naɗe a hannunta, ɗalibai suka kewaye mu. Ta ce, "Baba, ka san doka. In faɗuwar nan cikin jarrabawa take, jagoran da ya bar tuta ya sauko da baƙinsa lafiya ya ci, ba sai ya taɓa komai ba. In kuwa ciwo ka ji da gaske, haɗari ne ya auku, an soke jarrabawar yau, sai baɗi. Wanne ne?"

Na dubi ƙanena. Baɗi kuma, Innarmu ta riga ta faɗi abin da zai faru da baɗi.

Baba ya gyara tabarau mai ido ɗaya ya ce, "Haba ranki ya daɗe. Ni? A kan dutsen da na sani tun ba a haifi yaran nan ba? Wasa ne. Sabon salo na fito da shi, na shiru."

Walƙiya ya ce, "Ranki ya daɗe, ba wasa ba ne, na ga gwiwar da..."

Baba ya kai masa duka da hular kwano. "Rufe mini baki! Kai za ka koya mini aikina? Na ruɗe ka, ka ji kunya, shi ke nan. Sai ka ce kai ne na farko."

Ma'aikaciyar jinya ta matso za ta kwance bandejin, ya ce kar ta ɓata ɗaurin yaro, a bari ɗalibai su gani su koya. Shugaba ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "To tunda wasa ne, tashi ka mayar da fankarka ɗakin kaya."

Ɗakin kayan yana can ɗaya ƙarshen harabar. Baba ya zare laimar daga cikin ɗaurin, ya karɓi fanka daga hannuna, ya miƙe. Ya taka. Bai ɗingisa ba, bai dafa kowa ba. Yana tafe yana mita wai an jiƙa masa kwat, wai shayin makarantar nan ruwa ne zalla, har ya tsaya a tsakiyar fili ya yi wa maigadi faɗa a kan tsintsiya. Ɗalibai suka fashe da dariya suna tafi. Shugaba ta juya ta ce da ƙanena, "Ka ci." Aka ɗaga shi sama ana ihu, shi kuwa wuyansa a juye, yana kallon ƙofar ɗakin kaya.

Ni na zagaya na same shi a ciki. Yana zaune a kan bokitin da aka kife, fuskarsa ta yi fari fat, ya ciji hannun kwat ɗin don kada a ji shi. Da ya gan ni ya saki, ya ce, "'Yata, ki ce da direba ya kawo mota ta ƙaramar ƙofa. Kuma in kika gaya wa yaron nan, ban yafe ba."

Likita ya ce da faɗuwar da ya yi a kan dutse ce kaɗai, da gwiwar ta warke. Tafiyar da ya yi a harabar ce ta ƙarasa gwiwar. Tun daga ranar Baba bai sake hawa dutse ba. Ya ɗan ci gaba da duba igiyoyi a zaune, har makon jiya da aka yi masa walimar ajiye aiki. A wurin ne Shugaba da bakinta ta ba da labarin nan gaban kowa, shi ya sa nake da izinin rubuta shi. Ta ce tun daga madubinta ta san ciwon na gaske ne. Ta ce masa ya tashi ne don ya kasa, ya amsa gaskiya, a kai shi asibiti. Ta ce, "Ban san taurin kansa ya kai haka ba. Da na sani, da na nemi wata dabara." Sannan ta zauna. Direba da mai dafa abinci kuwa sun ce su tun farko sun ɗan yi zargi.

Walƙiya yanzu jagora ne, da takardarsa a bango a ɗakin Innarmu, daidai inda baƙi za su gani. Shagon wani ɗan ƙanwarta ke riƙe da shi, mai son zama wuri ɗaya. Innarmu da kanta ta sa aka kai ta gidan Baba ta yi masa godiya. Har yau dai tana cewa aikin awaki ne, amma yanzu takan ƙara da cewa tata akuyar ta fi ta kowa.

Baba, mun gode. Na gode a madadin gidanmu, da madadin duk baƙon da ya hau dutse ya sauko lafiya bai san akwai wani dattijo da ya riga shi yin duk wautar da zai yi ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya, ya ba matarka ladan haƙuri. Ku kuma masu koyar da sana'a, ko ta igiya ce ko ta allura ko ta sitiyari, ku dubi mutumin nan. Bai taɓa jin ya faɗi ba don ya zama abin dariya gaban ɗalibansa, in dai da haka za su iya aikin. A cikinku a samu masu yarda su koma ƙarshen layi, domin yanzu wurin ba kowa.

Da zan tafi ranar walimar, ka kira ni gefe ka ce ka ji ina rubuce-rubuce, in har zan rubuta labarin nan to in rubuta cewa wasa ne. Na yi maka alkawari, ga shi kuma na cika. Wasa ne, Baba. Na rubuta. Sai dai na ga da ka gama faɗa mini, sai da jikarka ta miƙo maka sanda kafin ka iya tashi.